Lambar QR ɗin shagona ta ƙi karantuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Garwa. Na sa an buga mini lambar QR ta WhatsApp ɗina, wato murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake ɗauka da kyamarar waya, a allon ƙofar shago, amma wayoyin mutane ba sa karanta ta. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki fara duba girmanta. Faɗin lambar ya zama kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka: idan daga mita 2 zai tsaya, a yi ta santimita 20. A katin hannu kuwa, kada ta gaza santimita 2.

Sai farin filin da ke kewaye da ita, wanda masu buga allo suka fi yi wa ɓarna. Dole ya kai faɗin ƙananan murabba'an cikinta guda huɗu ta kowane gefe, domin da shi kyamara ke gane inda lambar ta fara. Wasu kan yanke shi don allo ya yi kyau, shi ke nan an kashe ta.

A buga baƙi a kan fari. Ranar Garwa ba ta barin launi, leda mai sheƙi kuma tana kashe wa kyamara ido. Ki tura wa mai bugawa lambar a matsayin fayil, don WhatsApp yana rage ingancin hoto.

Abu ɗaya kuma: in kin taɓa sabunta lambar a cikin manhajar bayan an buga allon, tsohuwar ta daina aiki, sai an sake bugawa. Wannan karon a gwada da waya biyu ko uku kafin ki biya kuɗin aiki.