Rera ɗaya zuwa hamsin ba shi ne ƙirga ba

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce yaran ajinki 'yan shekara huɗu suna rera ɗaya zuwa hamsin ba tuntuɓe, amma da kin ce wa ɗayansu ya miƙo miki murfin kwalba huɗu sai ya damƙo cike da hannu. Kina so ki san ko wasan kasuwa zai gyara wannan, da kuma abin da za ki gaya wa iyayen da za su ce kuɗinsu wasa ake yi da shi. Da a kan ta farko kika tsaya, da na ce ki koma ga littattafanki na kwalejin ilimi, don a kan sanin wannan aka ba ki takardar NCE. Maganar iyayen ce ta sosa min inda bai warke ba.

Waƙa yaranki suka haddace. Ƙirga kuwa sai yatsa ya taɓa kowane abu sau ɗaya, baki ya ba shi lamba ɗaya, yaron kuma ya gane lambar da ya faɗa ta ƙarshe ita ce yawan abin duka. Jera masa murfi biyar ya ƙirga, ki ce "to, nawa ke nan?" In ya sake komawa kan ɗaya, bai kai ba tukuna. Masanin nan na Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna wani abin tun da daɗewa: a yi layi biyu na abubuwa daidai wa daida, a baza ɗaya ya yi tsawo a gaban yaron, mafi yawan 'yan huɗu da biyar za su ce mai tsawon ya fi yawa. Alli da bulala ba sa cire wannan. Sai hannu ya yi ta ɗauka yana ajiyewa, a inda yaron ya damu da kada a cuce shi.

Yadda ake tara gwangwanaye da jera benci ba zan ɓata bakina a kai ba, duk wadda ta yi tuwon ƙasa tana yarinya ta sani. Abin da ku 'yan yanzu kuke ɓatawa shi ne kuɗin. Kuna zuwa shagon buga takardu a buga muku naira biyar da naira goma masu launi don ajin ya yi kyau a hoton waya. A idon ɗan shekara huɗu, takardar naira biyar abu ɗaya ce, ba biyar ba. Murfin robar ruwa za ki ba su, kowane murfi ɗaya ne, kuma kada farashin komai ya wuce uku a makonnin farko. Ban yarda da 'ya'yan tsamiya ko masara ba, a hanci suke ƙarewa. Ke kuma ki sauka daga kujerar malama ki zama mai saye. Ki yi sallama, ki taya, ki ce ya yi tsada. In yarinyar da ke sayarwa ta ce ƙosanta uku ne, ki miƙa mata biyu ki juya kamar za ki tafi. Ranar da ta riƙe miki gefen hijabi ta ce "Anti, saura ɗaya," ranar ta fara lissafi, ko da ba ta iya rubuta 3 ba.

Yanzu ki ji abin da ya same ni. Wani ɗan kasuwa ya gina makaranta a unguwarmu, ya zo har gida da dare ya ce sunana yake so, in kafa masa sashen ƙananan yara, komai na kashe zai mayar min da zarar an karɓi kuɗin zango. Da baki muka yi, a gaban liman, ba takarda. Na sayar da tunkiyar da maiɗakina take kiwo. Na kai wa kafinta katako ya yi min teburan kasuwa daidai ƙugun yaro, da ɗan sikeli na itace mai faranti biyu, da sitiyari. Tela ya ɗinka jakunkunan kuɗi na atamfa, kowane yaro da tasa. Kusurwa ɗaya teburin mai shayi ce, inda yaro zai duba baƙinsa ya fito da kofi ɗaya ga kowane mutum. Ɗaya kusurwar tasha ce: kujeru shida a jere, direba a gaba, kwandasta a tsaye yana kiran Zariya, Zariya. Ni nake zuwa da jakata in tambaya, "saura mutum nawa mota ta cika?" Akwai wani yaro mai in'ina wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba. Shi ya dubi kujerun, ya taɓa biyun da ba kowa, ya ɗaga min yatsu biyu, sannan ya hana yaro na bakwai shiga. Har yau ina ganin fuskarsa.

Zango bai ƙare ba iyaye suka fara zuwa. Wani uba ya ɗaga littafin ɗan maƙwabcinsa da ke wata makarantar, shafi bayan shafi 1 zuwa 100, ya ce nasa ɗan shayin ƙarya kawai yake dafawa. Na ce a kawo yaran biyu, a zuba musu murfi, a ce kowa ya ba da shida. Mai makarantar ya hana, wai kada a kunyata mai biyan kuɗi. Na gaya masa wannan ba ƙirƙirata ba ce. Wani masanin ilimin yara, Froebel, ya raɗa wa irin wannan makaranta suna kindagatin a Jamus tun 1840, a kan wasa ya gina ta. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, da kayan da yaro zai taɓa da hannunsa. Kundin manufar ilimi ta ƙasarmu ma, bugun 2004, ya ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Ya saurare ni yana danna waya.

Bai kore ni nan take ba, don yana da sauran amfani da ni. Ya jira ranar da jami'an duba makarantu za su zo. Ajina ya fara kai su, ya tsaya a bayan teburin mai shayi aka ɗauke shi hoto, yana cewa tsarinsa ne. Hoton nan ya sa a allon talla a bakin titi. Da hutu ya zo sai ya aiko min da maigadi, wai an samu wata yarinya da za ta karɓi rabin albashina. Na je neman kuɗin katako da na ɗinki da albashin da ya riƙe, ya ce ina takarda? Liman ya yi masa magana, sai mai makarantar ya ce ai sadaka na yi wa ilimi. Kayan kuma ya hana ni ɗauka, ya ce a harabarsa suke. Ya kulle su a sito, damina ta bi ta kansu, gara ta gama da sauran. Sitiyarin nan na gan shi da idona a hannun mai gyaran taya, an ɗora masa bokiti. Yaran kuwa aka zaunar da su suna kwafar lambobi daga allo, har da mai in'inar. Kuɗin na bar wa Allah. Yaran ne ban yafe ba.

Don haka kada ki sa sisinki a ajin wani sai da rubutu da sa hannu, ko da ɗan'uwan babanki ne. Kuma kada ki jira iyaye su zo da fushi. Tun makon farko, lokacin tashi, ki tsayar da uwa a bakin ƙofa minti biyu, ki ba ta murfi ta sayi tumatir a wurin ɗanta, ki raɗa mata ta rage ɗaya. Jayayya da baki ba ta taɓa ci min uba ko ɗaya ba, amma uwar da ɗanta ya kama ta da ƙwange ba ta sake tambayata littafi.

Ku matsalarku gaggawa. Kuna so a mako biyu ku ga abin da za ku ɗora a Facebook. Da Hausa za ki yi cinikin nan, harshen da yaron yake rigima da shi a gida, Turancin lambobi ya biyo baya. Kada ki katse wasa don ki yi darasi, kada ki gyara wa mai saye in mai sayarwa zai iya kama shi. Rubutun lamba sai a ƙarshe, a jikin ɗan kwalin farashi, da ɗigo uku a gefen 3. Wanda kuma ya kasa ba ki uku, kada ki ja shi zuwa biyar don sauran sun wuce. Mayar da shi teburin shayi da baƙi biyu, ya yi mako a can, sannan ki ƙara masa baƙo na uku.