Kun Tambaya, Mun Amsa: Sauraron Rediyo ta Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tashar da nake saurare ta intanet ta ba da zaɓi uku a shafinta: MP3 128, AAC+ 48 da Opus 64. Ni dai kullum mai babbar lamba nake dannawa, amma datata ba ta kai ƙarshen wata. Wanne ya kamata in riƙe?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Lambar nan ita ce yawan kilobit da ke sauka wayarka a kowace daƙiƙa, kuma da ita za ka lissafa datar da za ka ci. Ninka ta da 0.45, abin da ya fito shi ne megabait na awa ɗaya. Ke nan 128 na cin megabait 57.6, 64 na cin 28.8, 48 kuwa 21.6. Mai sauraron awa uku kullum a kan 128 zai haura gigabait 5 a wata, alhali a kan 48 ba zai cika gigabait 2 ba.

To amma girman lamba ba shi ne daɗin sauti ba, sai idan tsarin matse sautin iri ɗaya ne. MP3 tsoho ne, tun 1993 aka tsayar da ƙa'idarsa, kuma yana son wuri mai faɗi. Da zarar an matse shi ƙasa da 96 za ka ji muryoyi sun fara yin ruwa-ruwa, musamman wajen furta "s" da "sh". Shi kuwa AAC+ don ƙaramar lamba aka ƙirƙire shi. Ba ya aiko da siraran sautuka gaba ɗayansu. Kaurin sautin yake aikowa, tare da ɗan bayanin da manhajarka za ta sake gina siraran da shi. Shi ya sa 48 ɗinsa ke kusantar abin da MP3 ke yi da ninkin wannan data. Opus ya fi su ƙuruciya, a 2012 aka amince da shi, kuma ya iya magana ya iya kiɗa.

Idan labarai da hira kake bi, riƙe AAC+ 48, kunnenka ba zai yi asarar komai ba. Idan kiɗa ne kuma manhajarka na karanta Opus, ɗauki 64. MP3 bar shi ga tsohuwar na'ura, domin falalarsa guda ce: babu abin da ba ya karanta shi. Wasu tashoshin har FLAC suke bayarwa, wanda ba ya zubar da komai na sautin, sai dai yana lashe ɗaruruwan megabait a awa. Wanda zai saurare shi ta lasifikar Bluetooth ma wahalar banza ya yi, don za a sake matse sautin kafin ya isa lasifikar.

TAMBAYA: Na danna inda tasha ta rubuta a saurara, sai wani ɗan fayil mai ƙarewa da .pls ya sauko, ya ƙi buɗewa. Ko ya lalace ne?

AMSA: Lafiyarsa ƙalau, Malama. Fayil mai .pls ko .m3u ba sauti ba ne, takardar adireshi ce kawai. Ki buɗe shi da Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, za ki ga layin da ya fara da http, a fayil mai .pls yana gaban kalmar File1 ne. Ki kwafi layin, ki buɗe VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, a kwamfuta, ki danna Ctrl da N tare, ki liƙa adireshin, ki danna Play. Ko kuma ki ja fayil ɗin kai tsaye ki jefa shi cikin VLC. Kuskuren da aka fi yi shi ne liƙa adireshin shafin tashar maimakon na sautin, kuma wannan ba zai yi aiki ba. Idan kin ga adireshi mai farawa da mms, ko fayil mai .ram, na tsohon zamani ne, galibinsu an daɗe da rufe su. Ki nemi sabo a shafin tashar.

TAMBAYA: Rediyon yana yankewa bayan 'yan mintuna. Laifin manhaja ne ko na sabis?

AMSA: Lura da lokacin da yake yankewa, Malam. Idan bayan allon waya ya mutu ne, tsarin tanadin batir na Android ne ke kashe manhajar. Shiga saitin waya, nemo manhajar, a ɓangaren batir ka cire mata takunkumi. Sauraro ta burauza ya fi faɗawa wannan matsala.

Idan kuwa yana tsayawa ya dawo ko allo na kunne, ajiyar sautin ce ta yi kaɗan. Manhaja takan tara ɗan sauti kafin ta fara, don ta cike giɓi idan sabis ya yi tuntuɓe, kuma VLC na kwamfuta daƙiƙa ɗaya kacal yake tarawa. A tagar VLC da ake liƙa adireshi, danna Show more options, ka mai da Caching daga 1000 zuwa 5000, wato daga daƙiƙa ɗaya zuwa biyar. Zai ɗan jinkirta farawa, amma yankewar za ta ragu sosai. In ta ci gaba, sauka zuwa ƙaramar lamba. Akwai kuma tashoshin da adireshinsu ke ƙarewa da .m3u8, masu aiko da sauti gunduwa-gunduwa. Waɗannan sun fi jure wa sauyawa daga Wi-Fi zuwa datar waya.

TAMBAYA: Me ya sa akwatin rediyona ke riga waya, alhali tasha ɗaya ce?

AMSA: Matse sauti, tura shi, da tara shi a wayarki duk suna cin lokaci. A kan .m3u8 jinkirin kan kai rabin minti. Ba lalacewa ba ce, Hajiya. Kada dai ki saita agogo da shi.

TAMBAYA: Wace manhaja kuka fi ba da shawara?

AMSA: VLC, domin kyauta ce, ba ta da talla, tana karanta duk tsare-tsaren da muka ambata, kuma akwai ta a kwamfuta da Android da iPhone. Rauninta shi ne ba ta da daɗin neman tashoshi, kai za ka kawo adireshi. Mai son lalube ta suna ko ta ƙasa ya gwada manhajar TuneIn, sai dai ta kyautar tana da talla, tallan kuma data yake ci. Kafin ka amince da kowace manhaja, gwada ta da AAC+. Idan sautin ya fito a dushe kamar daga bayan ƙofa, ba ta iya gina siraran sautukan ba ne, kaurin kawai take ba ka. Irin wannan ka ba ta MP3, ko ka sauya ta.