Shekaruna sun haura sittin, zan iya koyon Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne na yi ritaya, laftof ɗina mai Windows 10 ce ta tsufa sai nauyi take, jikana ya ce a sa mata Linux, wato wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, amma abokai na cewa wai wannan harkar samari ce. Gaskiya ne? Daga mai karatunku a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba. Wallahi ba gaskiya ba ne, Linus Torvalds da ya fara Linux a 1991 shi kansa haihuwar 1969 ne, ai ya haura hamsin. Kuma jikanku na da hujja, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11.

Shawarata a sa muku Linux Mint, wato wani nau'in Linux, kyauta ce ba sisi, fuskarta kusan irin wadda kuka saba, menu na nan ƙasa ta hagu, ga Firefox na shiga intanet ga LibreOffice na buga wasiƙa, kuma in ido ya fara gajiya ana ƙara girman rubutu cikin sauƙi. Abin da na fi so shi ne za ku iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba, ku yi ta dannawa har ku gamsu.

Amma don Allah kafin a girka ta a kwashe hotuna da takardun fansho zuwa wani filash ɗin daban. In kuna da firinta ma a jona a gani ko tana aiki, wasu tsofaffin firintoci kan ba da wahala.