Whitney Houston: da waƙa ta fara, talla da fim daga baya suka biyo

Ƙanwata, kin ce kin ga an rubuta cewa Whitney Houston mawaƙiya ce, mai tallan kayan ƙawa, kuma jarumar fim, kina son sanin da wanne ta fara, kuma kyau ne ya ɗaga ta ko murya. Na ga wasu sun ba ki amsa a taƙaice cewa fim ne ya fito da ita. Ni dai ban yarda ba. Na daɗe ina sana'ar kaset da hayar bidiyo a shekarun 1990, lokacin da kasuwarta ke ci, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Waƙa gadon gidansu ce. An haife ta a 1963 a Newark, jihar New Jersey. Mahaifiyarta Cissy Houston mawaƙiyar coci ce, kuma tana cikin ƙungiyar matan da suka yi wa Aretha Franklin da Elvis Presley amshi. Mawaƙiya Dionne Warwick ma 'yar'uwarta ce. Tun tana yarinya Whitney take waƙa a cocin New Hope Baptist, da ta tasa ta riƙa bin uwarta gidajen rawa na New York tana yi mata amshi, har ta yi wa su Chaka Khan da Lou Rawls. Wanda ya san aikin amshi ya san ba ƙaramin horo ba ne. Dole ka san inda za ka shigo, inda za ka ja numfashi, da inda za ka yi shiru ka bar mai waƙa. Shekaru ta yi a wannan makaranta kafin duniya ta san sunanta.

Tallan ya zo ne a tsakiya, kuma bai daɗe ba. A 1981 hotonta ya fito a bangon mujallar Seventeen, abin da a lokacin da wuya a ga baƙar fata ta samu. Ta fito a wasu mujallu da tallan talbijin. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan zango shi ne ta ƙi yin aiki da kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Amma iyakar abin ke nan. Da a talla ta tsaya, da yau ba ki yi wannan tambayar ba.

A 1983 Clive Davis, shugaban kamfanin waƙa na Arista, ya ɗauke ta. Bai yi gaggawa ba, sai da aka ɗauki kusan shekara biyu ana tara waƙoƙi ana zaɓe, kundinta na farko ya fito a 1985. Na biyu ya fito a 1987, ya shiga jadawalin Billboard, wanda ke jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, kai tsaye a matsayi na ɗaya, abin da babu macen da ta taɓa yi kafin ita. Waƙoƙinta bakwai a jere suka kai na ɗaya. Ki lura, duk wannan ya faru ne tun ba ta taka gaban kyamarar fim a matsayin jaruma ba. To ta yaya fim zai zama shi ya fito da ita?

Ba na cewa kyau bai taimaka ba. Zamanin bidiyon waƙa ne, tashar MTV tana tashe, kuma ana sukar tashar da rashin sa waƙoƙin baƙaƙe. Yarinyar da ta riga ta saba da kyamara ta fi sauƙin shiga. Sai dai an goge ta an gyara ta har wasu baƙaƙen Amurka suka fara gunaguni cewa don turawa take waƙa. A bikin ba mawaƙa lambar yabo na Soul Train na 1989 da aka ambaci sunanta, wasu a cikin taron sun yi mata ihu. Abin ya yi mata ciwo, kuma kundin da ta fitar a 1990 ya fi karkata ga salon baƙaƙe.

Yanzu ga maganar fim, inda ni na ga abin da idona. The Bodyguard ya fito a 1992, ita da Kevin Costner. Masu sharhi ba su yaba wasanta ba, ni ma ban ga wani abin a zo a gani a wasan ba, domin mawaƙiya ce ta fito a matsayin mawaƙiya. Amma fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 400, kundin waƙoƙinsa kuma aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40. A shagona kaset ɗin sauti ya fi na bidiyon fita nesa ba kusa ba. Mutum zai zo ya ce a ba shi waƙar nan ta matar da ke jan murya, ko sunan fim ɗin bai sani ba. In na sa masa don gwaji, sai ya ce in ƙara sauti, wai kiɗan bai fito ba, ko kaset ɗin ne ya lalace. Ba lalacewa ba ce. Waƙar "I Will Always Love You" da muryarta zalla take farawa, babu ganga babu garaya, sai can kiɗa ya shigo a hankali. Sai in ce masa ya dakata. In aka zo wurin da komai ya tsaya cak sannan ta ɗaga murya, ba na ƙara magana, shi zai laluba aljihu.

Wani abin da na sha fama da shi: masu sayenmu sun saba da finafinan Indiya, inda jaruma ke motsa baki, wata kamar Lata Mangeshkar ce ke rerawa a bayan fage. Da yawa sun ɗauka a nan ma haka ne. Sai na ɗauko musu tsohon kaset ɗinta na kafin fim ɗin su ji murya ɗaya ce, sannan gardama ta mutu.

Waƙar kuma ba tata ba ce. Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta fitar da ita a 1974. Ta Whitney ta yi mako 14 a saman jadawali, amma a tsarin Amurka marubucin waƙa yana da kasonsa duk lokacin da aka saya ko aka sa ta a rediyo, don haka Dolly ta kwashi kuɗi sosai. Yawancin manyan waƙoƙin Whitney wasu ne suka rubuta mata. Nata shi ne ta karɓi waƙa ta rera ta yadda za a manta da mai ita.

Bayan nan ta yi Waiting to Exhale a 1995 tare da Angela Bassett, wanda a ganina a nan ta fi iya wasa, sai The Preacher's Wife a 1996 tare da Denzel Washington, inda ta koma waƙar coci da ta taso a ciki. Ko a waɗannan ma, kundin waƙoƙin ya yi tashe kamar fim ɗin ko ya fi.

Ƙarshen labarin babu daɗi, kuma ba zan ja shi ba. Aurenta da Bobby Brown daga 1992 zuwa 2007 ya sha rikici, shaye-shaye ya shigo, muryar ta dushe. Ta dawo da sabon kundi a 2009, amma masu zuwa kallonta sun ji bambanci. Ta rasu ranar 11 ga Fabrairu 2012 a wani otal a Beverly Hills tana da shekara 48. Binciken likitoci ya ce nutsewa ta yi a bahon wanka, kuma ciwon zuciya da hodar ibilis na cikin dalilai.

In kina son ki yanke hukunci da kanki, kar ki fara da fim. Nemi wasan da ta yi a filin Wembley na Landan a 1988, a taron cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku, sannan wasanninta na Afirka ta Kudu a Nuwamba 1994, a Durban da Johannesburg da Cape Town, bayan Mandela ya hau mulki. Na Johannesburg an ɗauke shi gaba ɗaya, ana samunsa a intanet.