Idan Siyasa Ta Shigo Aji

Tambaya: Ni malama ce a makarantar gwamnati. Na hukunta wani ɗalibi da ya mari ɗan ajinsu, sai washegari shugaban makaranta ya umarce ni da in ba shi haƙuri saboda mahaifinsa ɗan siyasa ne. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, wannan lamari abin takaici ne, domin duk lokacin da ɗalibai suka ga an soke hukunci saboda matsayin uba, sun koyi darasin da ba ya cikin manhaja, kuma yaron da ya zauna shiru a bayan aji yana shafa kuncinsa shi ne ya fi kowa cutuwa. Sai dai ki duba irin hukuncin da kika yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 28, ta buƙaci ladabtarwa a makaranta ta kiyaye mutuncin yaro, saboda haka idan bulala kika sa, kin buɗe ƙofar a ɗora miki laifi. Ki rubuta abin da ya faru da ranarsa da shaidunsa, ki miƙa wa kwamitin ladabtarwa, sannan ki nemi a gayyato iyayen yaran biyu tare.