Kwamfutarmu a Sakkwato tana bin agogon Faris: ina fayilolin lokaci suke fitowa?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Mabera, nan Sakkwato. Muna da na'urar dangwala yatsa da malamai ke amfani da ita da safe, tana tura bayanai zuwa wata kwamfuta mai Linux a ofis. Tun ƙarshen Maris, wanda ya dangwala ƙarfe 7:30 sai a rubuta masa 8:30, har an fara zancen yanke albashi. Da na duba sai na ga an sa ta a kan Europe/Paris. Na mayar da ita Etc/GMT+1 tunda mu awa ɗaya muke gaban GMT, sai ta koma nuna 5:30. A jerin sunayen babu Sakkwato, babu Abuja, sai Legas. Wa ke rubuta waɗannan abubuwa, ta yaya suke shiga kwamfuta, kuma zan iya haɗa na Sakkwato da kaina?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara ceto albashin malaman tukuna. Buɗe kwamfutar ka rubuta:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

Sannan ka sake kunna manhajar rajistar, domin manhajoji da yawa sau ɗaya suke karanta shiyyar lokaci, lokacin da suka tashi. Ka leƙa saitin na'urar dangwalar ita ma, in tana da wurin sauya agogon bazara, wato tura agogo gaba da awa ɗaya da wasu ƙasashe ke yi a wani sashe na shekara, ka kashe shi. Abin da ba na so ka yi shi ne ka bar ta a kan Faris ka ja agogon baya da hannu. Zai yi daidai na 'yan watanni, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma ya sake ɓaci ta ɗaya gefen.

Wanda ya sa muku Faris ya ga lambar ta yi daidai ne, kuma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lallai agogon Faransa da namu ɗaya ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ƙasashen Tarayyar Turai ke tura agogo gaba da awa ɗaya, mu kuwa ba ma taɓa namu. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun san wannan ko ba su taɓa jin sunansa ba: wasan Ingila na ƙarfe uku a can, a Disamba ƙarfe huɗu ake kallonsa a nan, a Afrilu ƙarfe uku.

Kwamfuta a cikinta ba ta san ƙarfe nawa ba a Sakkwato. Lamba ɗaya take ƙirgawa, yawan daƙiƙun da suka shige tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon UTC, wanda a amfanin yau da kullum shi ne GMT ɗin da ake faɗa a rediyo. Sai an zo nuna wa mutum lokaci take ɗauko wani ɗan fayil ta duba nawa za ta ƙara ko ta rage. Fayilolin suna /usr/share/zoneinfo, wanda aka zaɓa wa kwamfutar kuma shi /etc/localtime ke nunawa. Umarnin da na ba ka a sama wannan nunin kawai ya sauya.

Abin da ke cikin fayilolin ba lissafin rana da taurari ba ne, hukuncin gwamnatoci ne, kuma mutane ne ke bin sa suna rubutawa da hannu. Kundin ana kiransa tz ko tzdata. Arthur David Olson ya fara shi a Amurka a shekarun 1980, Paul Eggert na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ne ya daɗe yana jagorantar gyaransa, tun 2011 kuma hukumar IANA, mai kula da sunaye da lambobin intanet, ke ajiye shi. Kowane fitowa ana sa masa shekara da harafi: 2024a, 2024b, 2025a. Babu ranar da aka tsayar ta fitarwa. In wata gwamnati ta taɓa agogo, sai a gyara a fitar.

Asalinsa rubutu ne da kowa zai iya buɗewa ya karanta, an raba shi fayil-fayil: africa, asia, europe da sauransu. Layukan iri uku ne. Rule shi ne dokar sauya agogo, Zone tarihin agogon wuri, Link kuma suna na biyu da ke nuni ga wani Zone. Ga dokar da ta ci malamanku:

Rule EU 1981 max - Mar lastSun 1:00u 1:00 S
Rule EU 1996 max - Oct lastSun 1:00u 0 -

Layin farko cewa yake, daga 1981 har illa masha Allahu, a Lahadin ƙarshe ta Maris, ƙarfe ɗaya na dare agogon UTC, a ƙara awa ɗaya. Na biyu ya ce a Lahadin ƙarshe ta Oktoba a cire ta. Namu kuwa ga shi gaba ɗaya:

Zone Africa/Lagos 0:13:35 - LMT 1905 Jul 1
0:00 - GMT 1908 Jul 1
0:13:35 - LMT 1914
0:30 - +0030 1919 Sep 1
1:00 - WAT

Kowane layi tazara ce da GMT da ranar da ta ƙare. Legas ta yi amfani da agogon ranarta, minti 13 da daƙiƙa 35 gaban Girinwich, ta koma GMT a 1905, ta dawo a 1908, ta ɗauki rabin awa a 1914, sannan daga 1 ga Satumban 1919 ta zauna a awa ɗaya. Layin ƙarshe ba shi da ranar ƙarewa, kuma ɗan gajeren zanen da ke tsakiya na nufin babu wata dokar sauya agogo. Fiye da shekara ɗari ke nan ba a taɓa shi ba.

Wannan rubutun mutum ne ke jin daɗin karanta shi. Manhaja ba za ta zauna duk lokacin da aka tambaye ta ƙarfe nawa tana neman wace rana ce Lahadin ƙarshe ta Maris ɗin 1994 ba. Shi ya sa ake da wata ƙaramar manhaja mai suna zic, injin niƙa ke nan: a zuba mata tsabar rubutu, ta fitar da garin da kwamfuta za ta tuƙa. Tana ɗaukar kowane Zone, ta nemo dokokin da ya ambata, ta bi su shekara-shekara tana gano ainihin ranar kowane sauyi, ta mayar da shi adadin daƙiƙu tun daga 1970, wanda ya gabaci shekarar kuma ta ba shi lamba ƙasa da sifili. Sai ta rubuta fayil guda ga kowane suna. Fayil ɗin yana farawa da haruffa huɗu, TZif, sannan jerin lokutan sauyi, sannan ɗan tebur na tazara da taƙaitaccen suna irin WAT, agogon Afirka ta Yamma, ko CEST, agogon bazarar tsakiyar Turai. Manhaja in ta zo, sai ta nemi sauyi na ƙarshe da ya gabaci lokacin da ke hannunta ta ƙara tazararsa, shi ke nan. Na Legas bai kai baiti 300 ba. Na Landan ya ninka shi sau da yawa.

Tunda doka ta ce har abada, fayil kuma dole ya ƙare, zic na rufe shi da layi ɗaya da ke taƙaita dokar da ake kai. Rubuta tail -n 1 /usr/share/zoneinfo/Europe/Paris za ka ga CET-1CEST,M3.5.0,M10.5.0/3. M3.5.0 wata na uku ne, makon ƙarshe, ranar Lahadi. Na Legas WAT-1 ne kawai. Lura da alamar ragewar nan, domin ita ta jefa ka 5:30. A tsohon tsarin POSIX, wato ƙa'idojin da kwamfutoci irin masu Linux ke bi, yamma da Girinwich ake ba alamar ƙari, gabas a ba ta ragi, kuma sunayen Etc/GMT sun gaji wannan. Saboda haka Etc/GMT+1 awa ɗaya ne bayan GMT, awa biyu ke nan bayan agogon Najeriya. Wanda ya yi daidai da mu Etc/GMT-1 ne. Ko shi ban ba ka shawarar sa shi ba, domin lamba ce ƙafaffiya da ba ta san ƙasa ba. Sudan ta koma daga awa uku zuwa awa biyu gaban GMT ranar 1 ga Nuwamban 2017. Wanda ya zaɓi Africa/Khartoum sabon tzdata ya gyara masa, wanda ya kafe lamba sai da ya bi kwamfutocinsa ɗaya bayan ɗaya.

Inda aikin ke da wuya shi ne ƙasashen da dokarsu ba ta zauna a kan Lahadi kaza ta wata kaza ba. A Oktoban 2018 Maroko ta yanke shawarar zama awa ɗaya gaban GMT duk shekara, sai in azumi ya zo ta koma GMT, kuma kwana biyu kacal ta ba duniya. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, babu yadda za a rubuta shi a layin Rule guda. Sai masu kundin suka yi hasashen watan da lissafi, suka jera layi-layi na kowace shekara har zuwa 2087, da sanin cewa hasashe ne. Mutumin Sakkwato ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san kalanda na iya faɗin nata, amma sai an ji sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Labanon ta fi ba su wahala. Ranar 23 ga Maris 2023, saura kwana biyu a sauya agogo, gwamnati ta ce an ɗage sai bayan azumi. Aka fitar da 2023b da gaggawa. Wasu cibiyoyi suka ƙi bi, ƙasar ta wayi gari da agogo biyu, gwamnati ta janye, aka sake fitar da 2023c cikin mako guda. Masar ma ta dawo da agogon bazara a 2023, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba, abin da ya shafi duk mai ɗa a Azhar ko mai sauya jirgi a Alƙahira. Don haka in kwamfuta ta ce akwai sabon tzdata, ka bari ta ɗauka, ko da namu layin bai motsa ba.

Wani abin da ke rikita mutane: kwafin kundin ba ɗaya ba ne a cikin kwamfuta. Java na da nata, PHP na da nata, MySQL sai an loda mata da mysql_tzinfo_to_sql, Windows kuma tsarinta daban ne, a can sunanmu W. Central Africa Standard Time. In ka gyara Linux amma rajistar ta ci gaba da nuna 8:30, to manhajar tana da nata saitin, can za ka nema. Akwai kuma tsofaffin manhajoji da ba sa karanta layin ƙarshen nan. A da zic na jera kowane sauyi har zuwa 2037, amma daga fitowar 2020b ta koma fitar da siririn fayil mai dogaro da layin. Mai irin wannan tsohuwar manhaja sai ya sarrafa da zic -b fat. Wannan bai shafi Legas ba, tunda ba ta da sauyin da za a jera.

Batun suna kuwa, ƙa'idar kundin ita ce duk yankin da agogonsa ya tafi bai ɗaya tun 1970 suna ɗaya ake ba shi, kuma birnin da ya fi yawan jama'a ake ɗauka, ba hedikwata ba. Shi ya sa Sin ma Shanghai ce, ba Beijin ba. Ana gudun sunan ƙasa ne saboda yana canzawa. Africa/Niamey tana nan a jerin, amma a yadda IANA ke fitar da kundin Link ce zuwa Legas, haka Douala da Porto-Novo. Mai tsallaka Illela zuwa Birnin Ƙonni kuɗi yake canzawa, ba agogo ba. Layukan kafin 1919 ɗin nan kuwa tarihin Legas ne zalla, kar ka ɗauka haka ake auna wuni a birnin Shehu a lokacin. Hantsi da walaha da azahar ke raba shi.

Kuma har yau rana ba ta bin Africa/Lagos. Awa ɗaya gaban GMT agogon layin digiri 15 gabas ne, Sakkwato kuwa tana wajen digiri biyar da kwata. Kowane digiri minti huɗu ne, don haka agogon hannunmu ya riga rana da kusan minti 39, kuma zawali a nan yana faɗowa tsakanin wajen 12:23 a farkon Nuwamba da 12:53 a tsakiyar Fabrairu. Maiduguri na riga mu da kimanin rabin awa, alhali agogo ɗaya muke ɗaurawa. Manhajar lokutan salla tana lissafi ne da inda kake a taswira, daga baya ta yi amfani da fayil ɗin shiyya ta mayar da amsar ƙarfe kaza. In shiyyar ta karkace, duk sallolin za su goce bai ɗaya, da awa guda cur ko fiye. In wurin ne ba daidai ba, 'yan mintuna za ka gani.

Haɗa naka abu ne mai sauƙi. Rubuta wannan layin a fayil, ka sa masa suna gwaji.txt:

Zone Africa/Sakkwato 1:00 - WAT

Sai zic -d /tmp/gwaji gwaji.txt, za ka sami fayil ɗinka a /tmp/gwaji/Africa/Sakkwato. Ka ƙara masa dokar sauyi ta ƙirƙira, ka duba abin da ya fito da zdump -v, za ka fahimci aikin fiye da duk bayanin da na yi. Amma kar ka ɗora shi a kwamfutar makaranta. Babu waya ko burauza ko manhajar da ta san wannan sunan, ranar da kuka tura bayanai wani wuri za a ƙi karɓa ko a ɗauke shi UTC, wanda zai gaje ka a aikin kuma ba zai san daga ina ya fito ba.

Saura rajistar da ta riga ta shiga tun ƙarshen Maris. Buɗe ranar wani malami da ka tabbatar da lokacin zuwansa. In bayan gyaran ta koma 7:30 da kanta, manhajar daƙiƙun UTC take ajiyewa, babu sauran aiki. In har yanzu 8:30 take, rubutun agogon bango ta ajiye, sai ka yi kwafin ajiya tukuna, ka cire awa ɗaya daga duk abin da ya shiga daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa ranar da ka koma Etc/GMT+1, ka ƙara awa biyu a kan na kwanakin da ta yi a can. Ka buga wa shugaban makarantar sakamakon zdump -v -c 2025,2027 Europe/Paris, zai ga ranar da sa'ar da awar ta ƙaru kafin a taɓa albashin kowa.