Wanne Zan Saya? Amsoshin Masu Karatun Almara da Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan littattafan aljanu, mayaƙa, matsafa da masu keta sararin samaniya suka taru. Na gajarta masu tsawo, sunaye kuma na sakaya kamar yadda muka saba.

Malam, ɗana shekararsa 13. Tun da ya gano littattafan yaƙi da aljanu ba ya kwanciya da wuri, yanzu kuma ya tasa ni gaba sai na saya masa Harry Potter. Ina tsoron kada labaran matsafan nan su taɓa masa aƙida. In saya ko in hana? — Maman Yara, Zariya

Hajiya, kwantar da hankalinki. Yaron da littafi ke hana wa barci, alhali sa'o'insa a kan waya suke raba dare, abin yi wa Allah godiya ne. Ki tuna kuma abin da aka karantar da ke a aji. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Talifi ta shirya a nan garinku, ai har wajen aljanu Alhaji Imam ya kai garin neman maganin ɗan sarki. Ganɗoki na Bello Kagara ma haka. Alƙalai da limamai da yawa da waɗannan suka koyi karatun boko, ba mu ji sun koma bori ba.

Duk da haka tsoronki yana da tushe, don ba kowane littafi ne na yara ba. Ki sa shi ya riƙa ba ki labarin abin da ya karanta, ko kina tsinar shinkafa ne. Daga bakinsa za ki gane ko ya san ƙage ne. Harry Potter littafi bakwai ne, sun fito tsakanin 1997 da 2007. Na farkon gajere ne mai sauƙi, amma daga na huɗu suna ƙara kauri, mace-mace na ƙaruwa. Ki sayi na ɗaya kaɗai tukuna. In kuma zuciyarki ba ta kwanta da labarin makarantar koyon sihiri ba, gidanki ne, ba wanda zai ga laifinki. Ki nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin yaro Kilba da aka ɗauka yawon sararin samaniya.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. Ganin takobi da dodo mai aman wuta a bango ba ya nufin na yara ne. A Game of Thrones da 'yan'uwansa cike suke da batsa da zubar da jini. In kin gan shi a jakarsa, ki karɓe.

Malam, mun kwana biyu muna musu da abokaina: labaran almara da na kimiyya wanne ya fi? — Mai Neman Gaskiya, Gusau

Ƙanena, tuwo da fura wanne ya fi? Kuɗin datar da kuka ƙona a musun nan da ya sayi littafi. Na almara yana cewa ka yarda akwai zoben tsafi, sai mu tafi. Na kimiyya yana cewa in aka ƙera kaza nan da shekara ɗari, me zai sami mutane? Ka fara da Binti na Nnedi Okorafor, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta gudu jami'a a wata duniyar. Bai kai shafi ɗari ba, kuma a 2016 ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan irin waɗannan labarai. Ka gama shi ka dawo da tambaya mai ma'ana.

Malam, wani yana tallar The Lord of the Rings a intanet, littafi uku a kwali, sababbi fil a leda, a kan kuɗin da bai kai na guda ɗaya a kantin littattafai na Abuja ba. Ya ce kwantai suka yi a waje shi ya sa. In tura kuɗin? — Ɗalibi, Kano

Kada ka tura. Littafin da ya fito tun 1954 da 1955, har gobe ana sake buga shi ana saye, yaushe ya yi kwantai? Yi lissafi da kanka. Littafin waje da dala ko fam ake sayo shi, a biya jirgi, a biya dako daga Legas, mai kanti ya ɗora ribarsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga inda farashin kayan waje ya nufa. To wanda zai ba ka uku a ƙasa da kuɗin ɗaya, gadon ubansa yake rabarwa? Jabu ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yadda suke yi ba wani sirri ba ne. Su sami na ainihi guda ɗaya, su ɗauki hoton shafukansa, su buga a takarda mafi araha, su shafa gam a gindi, su naɗe a leda. Ledar nan da ke burge ka ba shaidar komai ba ce, aikinta ta hana ka buɗewa. Duk mai sayarwar da ya ce ba a farke leda sai an biya, ka yi masa sallama.

In littafin ya zo hannunka, ka ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske. In rubutun baya yana leƙowa har ya cakuɗe da na gaba, ka ajiye. Ka dubi baƙaƙen: na jabu sukan yi kauri, gefensu ya yi dishi-dishi, wani shafin tawada ta yi yawa, wani ta dushe, wani layukan sun karkace. Sai ka buɗe taswira. Irin waɗannan littattafai da taswira ake bin tafiyar jarumai, kuma ta Tolkien, marubucin littafin nan, cike take da ƙananan sunayen koguna da duwatsu. A na jabu duk sukan zama baƙin tabo, ba ka gane gabas balle yamma. Daga nan ka buɗe tsakiyar littafin sosai. In ka ji ƙas, gam ɗin banza ne, kafin hunturu ya wuce shafuka za su fara bin iska.

Wanda ya fi ciwo shi ne ɓatan shafuka. A babban falle ake buga littafi, a ninke shi ya ba da shafi 16 ko 32, saboda haka in aka yi kuskure wajen haɗawa damin gaba ɗaya ke tafiya. Wani matashi ya taɓa kawo mini nasa, ransa a ɓace. Ana tsakiyar yaƙi a shafi na 208, ya juya sai ga 241, an gama yaƙin har ana binne wanda ya fi so a labarin. Mai sayarwar kuwa ya riga ya toshe lambarsa. Don haka ko a kanti kake, ka bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Minti biyu ne.

Tun da an taɓo maganar, bari in faɗi abin da ke cina. Turawan nan ko an sace musu ba za su kwana da yunwa ba. Namu fa? Marubuciya ta zauna da waya a hannu, bayan ta gama girki ta kwantar da yara, ta yi wata da watanni tana buga labarin aljanu da yatsa biyu. Ta sa masa 'yan ɗaruruwan naira, kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa a gidan abinci ba. Mutum ɗaya ya biya, ya kwashe ya watsa a zauren WhatsApp ko Telegram mai ɗaruruwan mutane, har ana yi masa addu'ar Allah ya saka da alheri. A saman shafin kuwa ga Allah ya isar marubuciyar ɓaro-ɓaro, a tsallake ta a ci gaba da karatu. Masu littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano su ma haka: wani ya ɗauki littafin mutum ya karance shi kaf a YouTube, ko izini bai nema ba. Sannan mu ne masu ƙorafin wai ba a rubuta labaran kimiyya da Hausa. Wa zai ɓata shekara yana bincike a kan taurari don a raba guminsa sadaka?

Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet. Amma ni ban sa ran hukuma za ta bi kowane zaure ba. Mai saye ne ke ciyar da mai jabu.

Na san za ka ce ɗalibi ne kai, babu kuɗi. Na yarda. To ka sayi gwanjo. Tsohon littafi na ainihi, ko bangonsa ya kode, ko da sunan wata Baturiya a shafin farko, ya fi sabon jabu ƙarko, kuma masu shimfiɗa su a bakin titi kusa da manyan makarantu da cikin Sabon Gari suna yin ragi in ka iya ciniki. Ka kuma nemi bugun gida, wanda da naira aka yi lissafinsa: Cassava Republic ta Abuja ta buga Akata Witch na Okorafor da sunan What Sunny Saw in the Flames, Ouida ta Legas kuma ta buga Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi. Tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin Frankenstein na 1818 da The Time Machine na 1895, kyauta suke halak malak a shafin intanet na Project Gutenberg. Shi wannan mai littafi uku da kake so, ku haɗu ku uku, kowa ya sayi ɗaya, ku yi musaya.

Malam, na sami ɗan kuɗi, ina so in sayi dogon jeri gaba ɗaya in huta. — Ma'aikaciya, Kaduna

Malama, ba a haka. Ki sayi na ɗaya, in ya kama ki ki koma. Kuma ki tambaya ko marubucin ya gama. George R. R. Martin, mai A Game of Thrones, ya fara nasa a 1996, na biyar ya fito a 2011, masu karatu suka shiga jiran na shida shekara da shekaru. Robert Jordan ya rasu a 2007 bai kammala The Wheel of Time ba, sai Brandon Sanderson ne ya ƙarasa shi a 2013, littafi 14 masu kauri. Kina da lokacinsu? Mu da muka saba da "mu haɗu a littafi na uku" a littattafan Kano, na ukun kuma shiru, bai kamata a sake yi mana ba.

Malam, an ce mini Dune littafin Musulunci ne, har da Mahadi a ciki. Gaskiya ne? — Abu Fatima, Bauci

A'a. Frank Herbert Ba'amurke ne, ya fitar da shi a 1965. Ya ari kalmomin Larabci da al'adun mutanen sahara, ya gina wata duniya mai rairayi inda ruwa ya fi zinariya daraja, ana kashe juna a kan wani sinadari. Za ka ci karo da Mahadi da jihadi, amma addinin cikin labarin haɗe-haɗe ne na marubucin, kuma shi gargaɗi yake yi a kan makauniyar biyayya ga mai ceto. Littafi ne mai kyau ga babba. Turancinsa da nauyi, farkonsa da jan ƙafa, in ba ka saba ba ka ara kafin ka saya.

Malam, in sayi na'urar karatun littafi Kindle ta hannu, ko waya ta isa? — Mai Shago, Katsina

Alhaji, in kana karatu kullum, tana da amfani. Fuskarta ba ta gajiyar da ido kamar ta waya, caji ɗaya kuma yakan kai makonni, wanda a halin wutarmu ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ta hannu akwai tarko. Wadda aka kai rahoton an sace, kamfanin Amazon mai yin ta kan toshe ta, ba za ta karɓi rajista ba. Ka sa mai ita ya haɗa ta da intanet, ka shigar da asusunka a gabansa kafin ka ƙirga kuɗi. Ka tabbatar kuma katin bankinka yana biyan dala, in ba haka ba ka sayi allo ne kawai. Kada kuma ka tara dukiyarka a manhaja ɗaya. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. In a wata littafi ɗaya kake karantawa, wayarka ta isa, ka bar kuɗin a jari.

Malam, mu a nan da Faransanci muka yi karatu, Turancin Ingilishi yana ba ni wuya. Ina zan fara? — Ɗan Damagaram

Ɗan'uwa, ai kai ka fi mu sa'a, don Jules Verne da harshen da ka iya ya yi rubutu. Labarinsa na harba mutane zuwa wata ya fito a 1865, fiye da shekara ɗari kafin a taka watan a 1969. Kyauta yake a intanet, shi da na jirgin ƙarƙashin teku. Ka guji gajartattun bugu na 'yan makaranta in cikakken labari kake so, ka duba bango ko an rubuta an taƙaita. In wani zai shigo Kano sari, ka ba shi saƙon Magana Jari Ce, ka ce ya duba shafukan kafin ya biya.

Malam, abokina ya ari littafina tun azumin bara, kullum sai ya ce bai gama ba. — Mai Haƙuri, Jos

Ya gama, ya kuma ara wa wani. Ka je gidansa ranar Juma'a bayan an sauko, ka zauna a zaure har a nemo shi. In an kawo abinci ka ci.